Wai mene ne Taekkyon ɗin nan na Koriya?

Da an ce wasan faɗa na Koriya kowa Taekwondo ne ke faɗo masa a rai, to amma akwai wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, shi ne Taekkyon. Taekwondo sai a 1955 aka raɗa masa suna, shi kuwa Taekkyon tun zamanin Joseon, tsohuwar masarautar Koriya, ake yinsa, ranar biki unguwa da unguwa su fito fili a gwada ƙwanji.

In ka fara kallo sai ka ɗauka rawa suke. Mutum ya taka gaba, ya ja baya, gwiwa a sake, hannaye na lilo, ƙafafun suna zagaya kusurwa uku, wannan takun shi suke ce wa pumbalkki. Cikin rangajin nan ne za ka ga an kwashe ƙafar mutum ya zube, ko ƙafa ta taɓa fuskarsa, shikenan an ci. Abin da ya fi burge ni, tun farko ana koya maka ka kayar da abokin karawa ba tare da ka ji masa ciwo ba, shi ya sa yara da dattawa duk suna yi don motsa jiki, yana sassauta gaɓoɓi ya kuma koya wa mutum tsayuwa daram.

Saura ƙiris wasan ya mutu lokacin da Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, wani dattijo Song Deok-gi ne ya riƙe shi a jikinsa. A 1983 gwamnatin Koriya ta Kudu ta sa shi cikin jerin al'adun gado da doka ke karewa, lamba 76, kuma ba takarda kawai ba ce fa, ana ba malaman tallafi a kuma ɗora musu nauyin horar da almajirai. Song Deok-gi da almajirinsa Shin Han-seung duk sun rasu a 1987, ka ga da an yi jinkiri da wata maganar ake.

A 2011 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da shi a taronta na Bali da ke Indonesiya, shi ne wasan faɗa na farko da ya shiga jerinta na al'adun gadon ɗan Adam, jerin nan dai da bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016. Yanzu mai son koyo zai iya nufar garin Chungju a Koriya ta Kudu, can akwai cibiyar horo.