Zama a Cikin Jirgi a Koguna da Hanyoyin Ruwa na Kanal

Zama a cikin jirgi yana nufin mutum ya mayar da jirgin ruwa gidansa na dindindin, ya kwana a ciki, ya yi girki a ciki, ya kuma ajiye kayansa a ciki, alhali jirgin yana kan kogi, ko tafki, ko haƙaƙƙiyar hanyar ruwa da ake kira kanal. Ana samun irin wannan zama a sassa da dama na duniya, daga tafkin Dal da ke Srinagar a yankin Kashmir zuwa tafkin Union a birnin Seattle na Amurka, amma inda aka fi tsara shi da doka da lasisi shi ne yammacin Turai, musamman Birtaniya da Holan da Faransa. Ruwan waɗannan hanyoyi kwantacce ne, gaɓa kuma ba ta da nisa, saboda haka igiyar ruwa ba ita ce damuwar mazaunin jirgi ba. Damuwarsa ita ce duk abin da ke shiga gidan tudu ta bututu ko ta waya, shi sai ya je ya samo da kansa, ya adana a tanki ko a batir, ya kuma san lokacin da zai ƙare. Abin da ke fita daga gida ta magudana kuwa, shi zai kai shi inda doka ta yarda a zubar.

Asali da ire-iren jirage

A Birtaniya zaman ya samo asali ne daga sana'ar jigila. Bayan buɗe kanal na Bridgewater a 1761 an haƙa hanyoyi masu yawa don ɗaukar kwal da sauran kaya masu nauyi, dawakai suna jan jiragen daga bakin ruwa. Da jirgin ƙasa ya fara ƙwace kasuwar a ƙarni na 19, kuɗin jigila ya faɗi, matuƙa da yawa suka bar gidajen haya suka kwashe iyalansu zuwa ɗan ƙaramin ɗakin da ke bayan jirgi, har majalisa ta yi doka a 1877 wadda ta wajabta rajistar jiragen da ake kwana a cikinsu, ta kuma ƙayyade yawan mutanen da za su zauna a ɗaki ɗaya. Tsananin sanyin 1962 zuwa 1963, wanda ya daskarar da hanyoyin na tsawon makonni, ya kusan ƙarasa abin da ya rage na wannan sana'a. Mazauna na yanzu yawancinsu ba 'yan jigila ba ne: akwai waɗanda suka yi ritaya, akwai masu son kaɗaici, akwai kuma waɗanda tsadar haya a birane irin su Landan ta tura kan ruwa.

Girman jirgi ba zaɓin mai shi ba ne kaɗai, domin hanyar ce ke yanke hukunci. Siririn jirgin Birtaniya faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, wato kimanin mita 2, tsawonsa kuma ba ya wuce ƙafa 72, saboda a kan wannan awo aka gina tsofaffin ƙofofin ruwa, wato ɗakunan da jirgi ke shiga a ɗaga shi ko a sauke shi inda hanya ta yi tudu ko gangare. Wanda ke son ya iya ratsa kusan dukan hanyoyin ƙasar yakan tsaya a kan ƙafa 57, tunda wasu ƙofofin arewacin Ingila gajeru ne. A Faransa dokar Freycinet ta 1879 ta kafa awon da ya fi wannan girma, inda jirgin kaya ke kai mita 38.5 a tsawo da mita 5.05 a faɗi, kuma tsofaffin jiragen irin wannan ne aka mayar gidaje a bakin kogin Seine. A Amsterdam, inda ake da gidajen ruwa kusan 2,500, da yawansu ba su da inji ma, an gina su ne a kan gindin kankare mai yawo a ruwa, an haɗa su da wutar gari da famfo da magudanar ƙazanta. Waɗannan sun fi kusa da gidan tudu, kuma yawancin wahalhalun da za a ambata a ƙasa ba su shafe su ba.

Wurin ɗaure jirgi

Sayen jirgi ya fi samun inda za a ɗaure shi sauƙi, kuma wannan ne abin da sababbin shiga suka fi yawan gane wa a makare. A Ingila da Wales hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi aiki daga British Waterways a 2012, tana kula da hanyoyin ruwa kimanin mil 2,000, kuma ba ta ba da lasisi sai jirgi yana da inshora da takardar shaidar lafiyarsa, wadda ake sabuntawa duk shekara huɗu. Mai neman lasisi yana da zaɓi biyu. Ko dai ya nuna yana da wuri na dindindin, a tashar ƙananan jirage ko a bakin gaɓa, ko kuma ya yi alkawarin zama matafiyi. Wurin da aka amince a zauna a cikinsa a matsayin gida yana bukatar izinin hukumar tsara gari, yana jawo harajin ƙaramar hukuma, kuma irinsa kaɗan ne, musamman a manyan birane.

Zaɓi na biyu ya dogara ne a kan wata doka ta 1995, wadda ta ce jirgin da ba shi da wurin dindindin dole ya kasance yana tafiya da gaske, kuma kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya sai da dalili mai ƙarfi, kamar lalacewar inji, ko rashin lafiya, ko ƙanƙara. Dokar ba ta faɗi nisan da za a yi ba, kuma wannan giɓi shi ne tushen jayayyar da aka daɗe ana yi tsakanin hukumar da ƙungiyoyin mazauna jirage. Ma'aikatan hukumar suna bin bakin ruwa suna rubuta lambobin jirage, wanda aka ga yana kai da komowa tsakanin wurare biyu kawai kuma ana iya taƙaita masa lasisi ko a hana shi sabuntawa. Ga mai aiki a wuri ɗaya, ko mai yara a makaranta, ma'anar wannan ita ce hanyarsa ta zuwa aiki tana canzawa duk mako biyu. Daga Afrilun 2024 hukumar ta kuma ɗora ƙarin kuɗi a kan lasisin irin waɗannan jirage. A Faransa ana ɗaure jirgin zama ne bisa yarjejeniyar wucin gadi da hukuma, irin su Voies Navigables de France, ana biyan kuɗin wuri, kuma yarjejeniyar ba ta mallaka wa mutum gaɓar.

Ruwa, wuta da banɗaki

Ruwan sha yana zama ne a tanki mai ɗaukar lita ɗaruruwa, galibi a goshin jirgi, ana cika shi da tiyo daga famfunan da aka kafa a bakin hanya. Wanka ne ke cinye mafi yawansa, shi ya sa mazauna kan jiƙa jiki su rufe famfo, su shafa sabulu, sannan su sake buɗewa. Injin wanki yana cin ruwa da wuta a lokaci guda, don haka da yawa sukan kai wankinsu gari. Ruwan zafi kuwa yawanci zafin inji ne ke samar da shi, ta wani tanki da ruwan sanyaya injin ke zagayawa a cikinsa.

Wutar lantarki daga jerin batira masu bolt 12 take fitowa. Ana raba batirin tayar da inji da na amfanin gida, don kada fitila da firji su shanye wutar har inji ya ƙi tashi. Batirin dalma yana saurin mutuwa idan ana yawan sauke shi ƙasa da rabin cajinsa, saboda haka abin da mutum zai iya amfani da shi rabin abin da aka rubuta a jikinsa ne. Da bazara farantan sola sukan wadatar, amma da hunturu a arewacin Turai rana gajeruwa ce kuma ba ta ɗagawa sama, sai a koma ga kunna inji ko janareta, wanda sharuɗɗan lasisin hukumar Ingila suka hana tsakanin ƙarfe 8 na dare da 8 na safe idan jirgi yana ɗaure kusa da mutane. Duk na'urar da ke mayar da lantarki zafi, kamar butar lantarki ko dutsen guga, ta fi ƙarfin yawancin jirage sai in an jona da wutar gaɓa.

Banɗaki iri uku ne. Akwai mai ƙaramin akwati da ake zarowa a ɗauka da hannu zuwa wurin zubarwa, wanda ke cika cikin kwanaki kaɗan. Akwai mai babban tanki da ake zuƙewa da inji a tasha, wanda ke ɗaukar makonni amma sai an kai jirgin gaba ɗaya an kuma biya kuɗi. Akwai kuma mai raba fitsari da bayan gida don a busar da shi ya zama taki, wanda ke bukatar wurin ajiya na watanni. Mai akwati ya fi ƙazanta a hannu, amma ranar da ruwa ya daskare jirgi ya kasa motsi, shi ne ake iya ɗauka a tafi da shi a ƙafa, kuma wannan dalili kaɗai ya sa wasu masu babban tanki suke ajiye shi a gefe.

Sanyi, danshi da haɗari

Jirgin ƙarfe yana saurin ɗaukar zafi, yana kuma saurin sakinsa. Mafi yawan mazauna suna dogara da murhun ƙarfe mai cin kwal ko itace, wasu kuma da na'urar ɗumama mai amfani da man dizal. A wasu hanyoyi akwai jiragen 'yan kasuwa da ke zagayawa suna sayar da kwal da dizal da tukwanen gas daga jirgi zuwa jirgi. Abin da ya fi sanyin kansa damun mutane shi ne danshi: numfashi da tururin girki suna taruwa a jikin tagogi da ƙarfe mai sanyi su zama raɓa, ta gangara bayan katako da ƙarƙashin katifa, fumfuna ta fito. Maganinsa rufin kumfa mai tare sanyi a jikin ƙarfen, da busasshen zafin murhu, da barin iska ta ratsa.

Toshe kafofin iska don gudun sanyi yana kashe mutane. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ko wari, tana fitowa daga murhu mai tsagewa, ko toshasshen bututun hayaƙi, ko janaretan da aka kunna a cikin jirgi, kuma tun Afrilun 2019 tsarin duba lafiyar jirage na Birtaniya ya wajabta ƙararrawar gano ta. Gas ɗin girki kuma ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya sai ya kwanta a gindin jirgi inda ba shi da mafita. Shi ya sa ake ajiye tukwanensa a akwati na musamman mai kafa a ƙasa wadda ke fitar da shi waje.

Tafiya da gyara

Gudun jirgi a kanal na Birtaniya ba ya wuce mil 4 a sa'a, ana kuma rage shi sosai idan za a wuce jiragen da ke ɗaure, domin ruwan da jirgi ke turawa yana girgiza su ya tumɓuke turakunsu. Ana bin hannun dama idan aka haɗu, ko da a ƙasar da motoci ke bin hagu. Inda ƙasa ta yi tudu ko gangare akwai matakalar ruwa, wato ɗaki mai ƙofofi a gaba da baya, wanda ake cikawa ko a rage wa ruwa har jirgi ya daidaita da sashe na gaba. A Ingila, a Tardebigge akwai irinsu 30 a jere, a Caen Hill kuma 29, kuma ratsa su aikin yini ne. Babban haɗari wajen sauka shi ne bayan jirgi ya maƙale a kan dakalin da ke ƙarƙashin ƙofar sama yayin da ruwa ke raguwa, goshinsa ya nutse cikin mintoci. Da hunturu, tsakanin Nuwamba da Maris, hukuma kan rufe wasu sassa don gyara, kuma matafiyin da bai duba jadawali ba yana iya tsintar kansa nesa da famfo ko wurin zubar da ƙazanta.

Gyaran yau da kullum ƙanana ne amma ba sa yankewa: cire leda da igiya da suka naɗe farfela, matse man giris a inda sandar farfela ta ratsa jikin jirgi, duba ruwan da ya taru a gindi, da share bututun hayaƙi. Duk shekara biyu zuwa uku ana fitar da jirgin daga ruwa a kankare tsatsa, a shafe gangarsa da baƙin fenti mai kwalta, a duba ƙananan guntayen magnesiyam da aka manna masa don su ruɓe a madadin ƙarfen. Sababbin siraran jirage galibi ana ƙera su da ƙarfe mai kaurin milimita 10 a ƙasa, 6 a gefe, 4 a rufi, kuma mai sayen tsohon jirgi yakan biya ƙwararre ya auna abin da ya rage na wannan kauri kafin ya biya kuɗi. Darajar jirgi raguwa take yi da shekaru, bankuna kuma ba sa ba da bashin gida na yau da kullum a kansa, saboda haka lissafin da ya tsaya a kan farashin saye kaɗai ba cikakke ba ne.

Adireshi

Banki, da kamfanin inshora, da hukumar lasisin tuƙi duk suna tambayar adireshi, matafiyi kuwa ba shi da shi. Wasu suna amfani da na 'yan'uwa, wasu suna biyan kamfanin da ke karɓar wasiƙu, wasu kuma suna sa a ajiye musu saƙo a gidan waya su je su karɓa. A Ingila ƙa'idar hukumar lafiya ta ƙasa ta ba mutum damar yin rajista da likita ko ba shi da shaidar adireshi, kuma yana iya yin rajistar zaɓe ta hanyar bayyana yankin da yake da alaƙa da shi. Idan aka kira motar asibiti ko 'yan kwana-kwana, mazauna kan ba da lambar gada mafi kusa da sunan titin da ya ratsa ta, tunda yawancin gadojin kanal suna ɗauke da lamba ko suna a jikinsu.