Mece ce "renda" a bakin masu haɗa fim ɗin katun da kwamfuta?

Duk wanda ya zauna da mai haɗa gajeren fim ɗin katun shi kaɗai, ba zai daɗe ba zai ji kalmar. "Na saka renda tun daren jiya." "Kada ka taɓa min kwamfuta, renda take yi." Daga Turanci aka aro ta, kuma masu tace bidiyo ma suna amfani da ita idan za su fitar da aikin da suka gama. Sai dai a wajen mai katun ɗin kwamfuta, nauyinta ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Renda ita ce aikin da kwamfuta ke yi na mayar da abin da aka tsara cikin manhaja ya zama hoton da ido zai gani. Kafin ita babu hoto, lissafi ne zalla. Mai fim ya gina surar yaro, ya sa mata ƙasusuwan da zai riƙa motsa ta da su, ya shafa launi, ya dasa fitilu, ya ajiye kyamara. Amma yaron da fitilar da kyamarar duk lambobi ne a cikin fayil. A lokacin renda ne kwamfuta za ta bi ɗigon hoto ɗaya bayan ɗaya, wato fiksel, tana ƙayyade launin da ya dace da kowanne. Hoto mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana ɗauke da fiksel 2,073,600, kuma kowanne sai an yi masa nasa lissafin.

Hanyar da ta fi ba da hoto mai kama da gaskiya ita ce bin sawun haske, wadda masanin kwamfuta James Kajiya ya bayyana tushenta a 1986. Kwamfuta kan harba zaren haske daga kyamara, ya bugi bango, ya karkata ya bugi kunci, ya ratsa gilashi, har ya isa ga fitila ko ya ɓace. Zare ɗaya ba ya isa, don haka ake harba ɗaruruwa ko dubbai a kowane fiksel a ɗauki matsakaicinsu. In an yi rowarsu, hoton sai ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. Abin haushin kuma, in kana son rage yashin nan da rabi, sai ka ninka zarurrukan sau huɗu, ba sau biyu ba. Shi ya sa gashi da hayaƙi da ruwa da ɗaki mai duhu suke cin lokaci kamar ba gobe.

To, a nan ne hankalin mai aiki shi kaɗai ke tashi. Fim na tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, kowane hoto ana kiransa firam. Fim na minti 5 ke nan firam 7,200 ne. A ce kowane firam ya ci minti 5 kacal, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne, an tashi da awa 600, wato kwana 25 kwamfuta na ruri dare da rana. Wannan kuwa in ba a gano wani kuskure a tsakiya ba, kamar hannun yaro ya shige cikin rigarsa. Manyan kamfanoni suna raba aikin ne ga tarin na'urori, abin da ake kira gonar renda. Kamfanin Pixar ya yi amfani da kwamfutoci 117 ƙirar kamfanin Sun wajen fitar da firam 114,240 na fim ɗin Toy Story a 1995. Mai na'ura ɗaya tilo fa? Ko dai ya yi hayar irin wannan gona ta intanet, ko ya shiga taron taimakon juna irin SheepIt, inda kake ba da aron kwamfutarka ka tara maki, wasu su ma su yi maka naka.

Manhajar haɗa katun ta Blender, wadda kyauta ce tun da jama'a suka haɗa Yuro 100,000 a 2002 aka sake ta ga kowa, tana zuwa da injinan renda biyu da aka fi sani. Cycles mai bin sawun haske ne, ga kyau ga jinkiri. Eevee kuwa, da ya shigo a 2019, dabarun wasannin bidiyo yake bi, yana kintace maimakon cikakken lissafi, sai ya gama firam cikin daƙiƙu. Da yawa sun daɗe suna yi masa kallon na gwaji kawai, har sai da Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya fitar da fim ɗinsa mai suna Flow da shi, a kan kwamfutarsa ba tare da gona ba, fim ɗin kuma ya ci kyautar Oscar a 2025.

A ganina kuskuren sababbin shiga shi ne ɗaukar renda a matsayin matakin ƙarshe. A jeri kam ita ce ta kusa da ƙarshe, amma tun ranar farko ake yanke hukuncinta. Kafin ka ƙawata jarumarka da doguwar suma mai kaɗawa, fitar da firam ɗaya daga fage mafi wahala, ka duba agogo, ka ninka da yawan firam ɗinka. Lambar da ta fito ita za ta gaya maka salon da ya dace da ƙarfinka. Renda kuma ba ta gyara motsi. Tafiyar da ta fito a sandare cikin gwajin toka-toka, wato samfurin gaggawa mara launi da ake duba motsi da shi, a sandare za ta fito ko da an yi mata kwana 25.

Tsofaffin hannu kuma ba sa fitar da aiki kai tsaye a matsayin fayil ɗin bidiyo. Firam-firam suke ajiye shi, hotuna masu lamba a tsarin PNG ko EXR, daga baya su jera su. In wuta ta ɗauke bayan an gama firam na 5,000, daga na 5,001 za a ci gaba.