Yaro ya warke daga tamowa, shi ke nan?

Maganar tamowa a Kano galibi a ƙofar asibiti take tsayawa. An kai yaro a galabaice, an ba shi madara, ya farfaɗo, an sallame shi, dangi sun zo barka. Abin da kan biyo baya nan da shekara biyar, ko nan da shekara talatin, ba a cika tada zancensa ba. Ga tambayoyi irin waɗanda iyaye da kakanni kan yi, da amsa gwargwadon abin da likitoci suka gano.

Kowane yaro yakan rame in ya yi ciwo. Yaushe ne rama ta zama tamowa?

Tamowa mai tsanani fuska biyu gare ta. Akwai ta bushewa: haƙarƙari a fili ana iya ƙirga shi, ɗuwawu ya zube, fuskar ɗan wata goma ta koma ta dattijo. Akwai kuma ta kumburi, wadda ta fi yaudara, domin ƙafa da kumatu sukan cika har maƙwabta su ce yaro ya yi ƙiba, alhali ruwa ne. A danna bayan ƙafarsa da babban yatsa na daƙiƙa uku. In aka ɗaga, gurbin yatsan ya tsaya a ƙafafun biyu, to a ranar za a nufi asibiti. Irin wannan yaro gashinsa kan yi ja ya yi laushi, ba ya wasa, ba ya son a taɓa shi, ko kukan nasa ba ƙarfi.

Ma'aikatan lafiya suna da wani siririn tef mai launi uku da suke zagaya damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In kaurin bai kai santimita 11.5 ba, ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa ne, wato yana bakin rami. A lissafin UNICEF, yaron da ya rame haka zai iya ninka lafiyayyen yaro har sau 11 wajen haɗarin mutuwa in ciwo irin namoniya ya kama shi.

An ba shi madarar gyaɗar nan, kumatu sun dawo. Ba an gama ba?

An tsallake siraɗi, amma tsugune ba ta ƙare ba. Abincin ledar nan da ake bayarwa a asibiti, wanda aka haɗa da gyaɗa, madarar gari, sukari, mai da sinadarai, kowace leda kalori 500 ce, kuma ya ceci yara ba adadi. Sai dai abin da yake saurin maidowa nauyi ne. Tsawo da ƙarfin tsoka ba su dawowa da wannan saurin, wani lokaci ma ba su cika dawowa ba.

A birnin Blantyre na Malawi an bi sawun yaran da aka yi wa jinyar tamowa, aka auna su bayan shekara bakwai, aka kwatanta da 'yan'uwansu na ciki ɗaya da tsararrakinsu na unguwa. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna sun fi gajarta, tsokarsu ba ta kai ta sauran ba, ko matse hannu aka ce su yi ƙarfinsu bai kai ba, kuma a makaranta suna baya.

Akwai kuma komowar ciwon. Watannin farko bayan sallama su ne masu haɗari, domin yaro ya koma gidan da ya kamu, ga ruwan da ya ba shi gudawa, ga kokon da bai ishe shi ba. Kuma mu faɗi gaskiya: a gidan da ke da yara bakwai, ledar da aka ba mutum ɗaya takan zagaya hannu biyar, wani lokaci har ta ɓulla a teburin mai kanti. Ba a rasa uzuri, yunwa ce. Amma magani ne da aka auna da nauyin yaro guda, in aka raba shi jinyar ba ta cika ba.

"A gidansu haka suke, gajeru ne." Gajarta ba gado ba ce?

Akwai gado, amma bai kai yadda muke ɗora masa ba. Ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 an gina shi ne kan yara daga Gana, Indiya, Oman, Norwe, Birazil da Amurka, kuma abin da aka gani shi ne, in an shayar da su yadda ya kamata, aka kare su daga cututtuka, girmansu kafin shekara biyar kusan ɗaya ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuwa ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kashi 57. In fiye da rabin yaran yanki sun gaza tsawon shekarunsu, ido yakan saba, gajeren ya zama shi ne ma'auni. Yawancin wannan asara kuwa a kwana 1,000 na farko ake yin ta, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu.

Da gaske tana taɓa ƙwaƙwalwa?

Nan ne asarar ta fi nauyi, kuma nan ne ba a ganin ta. Ƙwaƙwalwar jariri ranar haihuwa wajen rubu'in ta babba ce, kafin ya shekara biyar ta kusa kashi 90 cikin ɗari. Wannan aiki ba ya jira. Yana buƙatar abinci mai gina jiki, da sinadarin ƙarfe, da ayodin, a daidai lokacin da ake yin sa. Ga kuma asara ta biyu a kan ta farko: yaron da ba shi da kuzari ba ya rarrafe ya taɓa wannan ya jawo wancan, ba ya gwaranci, manya ma sai su rage yi masa wasa tunda ba ya mayarwa. Watanni sun wuce yana goye a baya shiru, ana yabon sa da haƙuri.

A tsibirin Babados, Dakta Janina Galler da abokan aikinta sun bi rayuwar yaran da aka haifa tsakanin 1967 da 1972, waɗanda suka yi tamowa a shekararsu ta farko, har suka haura shekara arba'in. An yi musu jinya mai kyau, an ci gaba da kula da abincinsu, jikinsu ya kamo na tsara. Duk da haka sun fi abokan ajinsu fama da rashin tattara hankali wuri ɗaya, makinsu a gwajin basira ya gaza, kuma bambancin ya bi su har girma.

A wurinmu ga yadda abin kan bayyana. Yaro a makarantar allo ko Islamiyya, an biya masa aya sau goma, gobe ta gudu. A boko malami na magana hankalinsa na taga. Sai a ce daƙiƙi ne, ko taurin kai ne, a ɗauko bulala. Ba kowane yaro mai jinkirin karatu ne ya yi tamowa ba, kuma cikin waɗanda suka yi akwai masu haddace Alƙur'ani su gama jami'a. Magana ce ta rinjaye, ba hukunci a kan kowane yaro ba. Amma uwar da ta san ɗanta ya kwanta da tamowa yana ƙarami, ya dace ta gaya wa malaminsa, don a san irin haƙurin da za a yi da shi.

Me ya haɗa yunwar yarinta da hawan jini ko ciwon suga? Ba ciwon masu ƙiba ba ne?

Jikin da ya tashi cikin rashi yakan yi abin da magidanci ke yi in rumbu ya kusa ƙarewa: ya fifita abin da ba makawa, ya tsuke sauran. Ƙwaƙwalwa ake fara ba, ƙoda da tsoka da gaɓar da ke samar da insolin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, su samu saura. Ƙoda tana da ƙananan matatai masu tace jini, kuma tun a ciki ake gama ƙera su, ba a ƙara ko ɗaya bayan haihuwar da ta cika wata. Wanda aka haifa da kaɗan, da su zai yi aiki har tsufa. Ranar da ya girma ya samu sarari, ga shinkafa, ga lemon kwalba, ga maggi da gishiri, ga zama a shago ko kan Adaidaita wuni guda, sai kayan ya fi ƙarfin jikin.

Wani likita Baturen Ingila, David Barker, shi ya yi fice da wannan bayani tun shekarun 1980, bayan ya lura waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. An ga irin haka ga waɗanda suke ciki lokacin yunwar da ta afka wa Holan a 1944 zuwa 1945. Mu ma muna da tamu shaidar a gida. An auna manya 1,339 a kasuwannin Inugu, aka wallafa sakamakon a 2010: waɗanda yunwar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ta same su suna ciki ko suna jarirai sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin yawan hawan jini da matsalar suga, shekara arba'in bayan an ajiye makamai.

Har ila yau, a Afrilun 2025 Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta amince da wani nau'in ciwon suga da ta kira na 5, wanda ke kama matasa da manya siraran da suka taso cikin ƙarancin abinci. Don haka ramammen saurayi mai yawan ƙishirwa da fitsari, kada a ce ai ba shi da jikin masu suga. A gwada shi.

Akwai bambanci in yarinya ce?

Babba kuwa. Yarinyar da ta tsumbure takan zama gajeriyar mace mai ƙaramin ƙugu. In ciki ya zo, musamman da wuri kafin ƙashinta ya gama girma, naƙuda na iya tsayawa, kuma doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, ciwon da ake da sashe guda dominsa a Asibitin Murtala. Ita ce kuma ta fi yiwuwar haihuwar ɗan ƙaramin jariri, wanda shi ma zai fara rayuwa da gibi. Haka abin kan bi zuri'a, kaka zuwa uwa zuwa jika, har a ɗauka gado ne.

Ido da fuska fa?

Ƙarancin bitamin A kan fara da dundumi, yaro ya riƙa tuntuɓe da magariba. In ƙyanda ta haɗu da shi idon na iya lalacewa har abada, shi ya sa rigakafin ƙyanda da ɗigon bitamin A ba abin wasa ba ne. Akwai kuma cutar noma, mai farawa da gyambon dasashi ta cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki, kuma yara masu tamowa ta fi kamawa. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta. Warin baki mai tsanani da kumburin kunci a jikin ramammen yaro ba na jira ba ne.

Gidanmu kullum ana ɗora tukunya. Ta ina tamowa ta shigo?

Ba sai tukunya ta kife ba. Cikin ɗan wata takwas ƙarami ne, in aka cika shi da koko tsararo ya ƙoshi amma bai ci komai ba. Zubar da dakashi, ɗura wa jariri ruwa kafin wata shida, yaye na dare ɗaya saboda uwa ta samu ciki, hana ƙwai wai kada yaro ya yi sata, gudawa a kai a kai, duk ƙofofi ne. Likitoci na cewa nono zalla wata shida, sannan abinci tare da nono har shekara biyu, wa'adin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Kunun ya yi kauri, a sa masa gyaɗa ko waken soya, a ba shi ƙwai, wake, awara, kifi, hanta, zogale, kabewa. Kuma a zuba masa a kwanonsa, domin ɗan shekara ɗaya ba ya iya kokawar loma da yayyensa.

Ɗana ya wuce shekara biyu. Na makara ke nan?

Tsawon da aka rasa da wuya ya dawo duka, amma ta fannin ƙwaƙwalwa akwai labari mai daɗi. A Kingston ta Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki tsumburarrun yara 129. Wasunsu ma'aikaciyar lafiya kan ziyarce su sau ɗaya a mako har shekara biyu, ta koya wa uwa wasa da yaro, da yi masa hira, da nuna masa hotuna, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara ashirin, abin da waɗannan ke samu a wurin aiki ya ɗara na waɗanda ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin ɗari. Ƙarin madarar da aka ba wasu ita kaɗai ba ta bar irin wannan tasiri mai ɗorewa ba. Wato tatsuniya, waƙar tawai, "ina hancinka, ina kunnenka", gwangwani da murfin kwalba, duk suna cikin jinya. Kuma ba aikin uwa kaɗai ba ne. Uban da ya dawo daga kasuwa ya ɗora yaro a cinya yana ba shi labari ya yi rabonsa.

Abin kiyayewa shi ne kada a ce za a rama wa yaro da biskit, alewa da taliyar leda. Ƙibar gaggawa a kan jikin da ya tsumbure ita ce ke share wa hawan jini da suga hanya.

Ina za a kai yaro a Kano?

A fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a ce a auna damtsensa. In yana iya cin abinci kuma ba wani ciwo tare, galibi a gida zai yi jinya, ana komawa awo a karɓo leda. In ya ƙi cin komai, ko kumburin ya hau jiki, ko ga zazzaɓi, amai ko numfashi sama-sama, kwantarwa ce, kuma Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Murtala da Asibitin Malam Aminu Kano duk suna karɓar yara. A can za a fara masa da wata madara marar nauyi da ake kira F-75, kaɗan-kaɗan dare da rana, domin jikin da ya daɗe cikin yunwa in aka ɗura masa abinci mai nauyi farat ɗaya zuciya na iya gazawa. Katin asibitin kuma a adana shi, ko bayan shekaru likita zai so ya gani.