Ba Kamfanonin Mai ne Suka Binne Binciken Fleischmann da Pons Ba

Fiye da shekara 30 ke nan ana yaɗa maganar cewa an gano hanyar samar da wutar lantarki mai arha daga ƙarfen da aka cika da iskar haidurojin, amma kamfanonin mai suka danne ta. Maganar ta samo asali ne a ranar 23 ga Maris, 1989, lokacin da masana kimiyyar sinadarai Martin Fleischmann da Stanley Pons suka sanar a Jami'ar Utah ta Amurka cewa sun haɗe ƙwayoyin zarra a cikin kwalba, ta hanyar tsoma ƙarfen faladiyam a ruwa mai nauyi (ruwan da haidurojin ɗinsa ya fi na ruwan yau da kullum nauyi), alhali a tsakiyar rana sai da zafin kusan digiri miliyan 15 haɗewar ke aukuwa.

Abin da ya rusa iƙirarin shi ne gwaji. Masana a jami'o'in MIT da Caltech na Amurka da cibiyar Harwell ta Ingila sun maimaita aikin, ba su sami rarar zafin da Fleischmann da Pons suka ce gwajinsu ya fitar ba. Babbar matsalar kuwa ita ce, da haɗewar ce ta haifar da wannan zafi, da ƙwayoyin niyutiron (ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra) da za su fito sun isa su halaka masu binciken a tsaye.

Kuɗi ma ba a hana ba. Gwamnatin Japan ta ɗauki nauyin bincike har 1997, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta duba hujjojin a 1989 da 2004, sannan Google ya kashe kimanin dala miliyan 10, kuma sakamakon da aka wallafa a mujallar Nature a 2019 bai nuna alamar haɗewar ba.