Mece ce "sa'ar ɗabi'a"?

Direbobi biyu, kowanne ya san birkin motarsa ya yi sanyi, kowanne ya ce sai gobe zai kai wa bakanike. Na farko ya isa gida lafiya. Na biyu yana cikin tafiya sai ga yaro ya faɗo titi yana bin ƙwallo, ya taka birki, birki ya ƙi ci. Yau ana nuna shi da yatsa, ɗan'uwansa kuwa yana tasha ana shan shayi da shi. Sakacinsu ɗaya ne. Yaron ne ya raba su, kuma ba wanda ya aiko shi a cikinsu.

Wannan ne masana falsafa ke kira sa'ar ɗabi'a: a yabi mutum ko a zarge shi kan abin da ba ya hannunsa. Bernard Williams, ɗan Ingila, ne ya raɗa mata suna a muhawarar da suka yi da Thomas Nagel na Amurka a 1976. Dukansu biyu suna ja ne da Immanuel Kant, Bajamushe masanin falsafa, wanda ya rubuta a 1785 cewa kyakkyawar niyya darajarta na nan ko da ba ta haifar da komai ba. Kowa zai amince da Kant a baki. A aikace, sakamako muke dubawa.

Nagel ya nuna abin ya wuce sakamako. Ya kawo misalin mutumin da ya yi zamansa lafiya a Ajantina bai cuci kowa ba, wanda da kasuwanci bai fitar da shi daga Jamus a 1930 ba, da wataƙila ya zama jami'i a sansanin da 'yan Nazi suka riƙa tsare mutane suna azabtarwa. Wurin da ka tsinci kanka, da halin da aka haife ka da shi, ba kai ka zaɓa ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar Williams kan direban da ba shi da laifi ko kaɗan, amma yaro ya mutu ƙarƙashin motarsa. Za mu ce masa ba laifinka ba ne, kuma gaskiya muka faɗa. Amma in ya kaɗe riga ya tafi ba tare da ya ji komai ba, za mu ji tsoronsa. Shari'ar Musulunci ta san wannan wurin: kisan kuskure babu ƙisasi, amma akwai diyya da kaffara.

Ni direban farko nake ji wa tsoro, domin har yanzu bai gyara birkin ba.