Waiwaye: Yadda Yashi Ya Binne Tsohon Birnin Taya

Wanda ya je Taya a yau, birnin da Larabawa ke kira Sur, kimanin kilomita 80 kudu da Beirut a ƙasar Labanan, yawancin abin da zai gani ginin Rumawa ne: filin tseren keken doki, maƙabartar al-Bass, da titi mai ginshiƙai. Birnin Finikiyawa na asali, wato mutanen da suka zauna a wannan gaɓar teku a zamanin da, yana ƙarƙashin ƙasa da gidajen mutane, wani ɓangaren kuma cikin ruwa.

A da tsibiri ne, mai tashar jiragen ruwa biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Ruwan nan ne garkuwarsa. Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya yi masa ƙawanya shekara 13, bai rushe shi ba. A shekara ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa, Iskandar na Makidoniya ya sa aka yi ciko da duwatsu da katako daga gaɓa zuwa tsibirin, tsawon da bai kai kilomita ɗaya ba, ya ci garin bayan wata bakwai. Cikon nan ya tare igiyar ruwa, yashi ya yi ta taruwa a gefensa har tsibirin ya manne da tudu, tashar kudu ta lalace.

Arzikin Taya kuwa rinin shunayya ne da ake samu daga dodon koɗin teku. Ana fasa ƙwanson a cire wata 'yar tsoka, a barbaɗa gishiri ta kwana uku, sannan a riƙa ɗumama ta kusan kwana goma. In wuta ta yi yawa har ya tafasa, rinin ya ɓaci. In rana ta doki ruwan, launin ya karkata zuwa shuɗi. Marinan Ƙofar Mata za su gane aikin, domin sinadarin ɗan'uwan na baba ne, sai an tsamo zane ya sha iska launi ke kamawa. A 1909 wani masani Bajamushe ya tace dodon koɗi 12,000, ya samu giram 1.4 kacal.

UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Taya cikin kayan tarihin duniya a 1984, ana tsakiyar yaƙin basasar Labanan. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne gine-ginen da ake yi a kan wuraren da ba a tona ba, da satar kayan kaburbura. A Nuwamban 2024, da hare-haren Isra'ila suka faɗa kusa da kufan, hukumar ta ƙara wa wurare 34 na Labanan matakin kariya, Taya na ciki.