Waiwaye: Daga ambulan zuwa Zoom, asalin kwamitin koyarwa ta intanet a manyan makarantunmu

A kwalejojinmu da jami'o'inmu, duk malamin da aka lura hannunsa ya faɗa da kwamfuta, da wuya ya kuɓuce wa kwamitin koyarwa ta intanet. Takarda ce za ta fito daga ofishin rajistara, sai kawai ya ga sunansa. Amma aikin da ake ɗora masa ya girmi intanet ɗin nesa ba kusa ba.

Ta gidan waya abin ya faro. Tun zamanin Turawa akawuna da malaman firamare kan aika kuɗi Ingila, makarantu irin su Wolsey Hall su turo musu darasi cikin ambulan, su yi ta bita har su zauna jarrabawar Jami'ar Landan. A 1974 Jami'ar Legas ta buɗe nata sashen karatu ta wasiƙa. A 1976, shekarar da aka soma ilimin firamare kyauta na UPE, aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, don yara sun cika azuzuwa, malamai masu shaidar koyarwa kuwa sun yi kaɗan. Littattafan darasi ake raba wa malami, ya je cibiya a ƙarshen mako. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, gwamnatin Shagari ta kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, ba ta farfaɗo ba sai a mulkin Obasanjo na farar hula.

Duk wannan a gefe yake gudana, malamin aji bai san ana yi ba. Abin da ya jawo shi ciki shi ne zuwan wayar salula a 2001, sai rajistar ɗalibai ta koma intanet, sai kuma JAMB da ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta yi sallama da takarda da fensir a 2015. Makarantu suka shiga gina ɗakunan kwamfuta, da yawa da kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund. Kwamitocin lokacin, a gaskiya, na sayen kaya ne: kwamfuta nawa, janareta wane iri. Yadda za a koyar da su kuwa, ba wanda ya cika tambaya.

Korona ce ta tona asiri. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, a farkon Afrilu Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya umarci shugabannin manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. A lokacin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na cikin yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba, ta kuma ce ba a yi tanadin da za a iya hakan ba. Jami'o'i masu zaman kansu dai suka ci gaba da darasi. A sauran wurare aka kakkafa kwamitoci cikin gaggawa, aka jibga musu tambayoyin da aka yi shekaru ana kauce musu.

Manhajar koyarwa ta Moodle za a ɗauka, tunda kyauta ne amma yana son mai kula da shi, ko Google Classroom? Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, lacca kuwa awa biyu ce. Wa zai sayi data, malami ko makaranta? Ta yaya za a tabbatar ɗalibi ya halarci darasi, alhali sunansa kawai ake gani a allo, shi yana kasuwa? Akwai ma wadda ba a cika faɗa a fili ba: malamin da ya saba sayar da handawut, me zai sa ya ɗora darasinsa kyauta? Ana cikin wannan muhawara, ɗalibai suka yanke nasu hukuncin. Malam ya naɗi murya a WhatsApp, wakilin aji ya tura wa kowa, wanda ke ƙauye ya saurara ranar da ya shigo gari cajin waya. Wanda ya gwada darasin kai tsaye kuwa, rabin lokacin a "Malam, ba ma jin ka" yake tafiya.

Da aka koma aji a 2021, kwamitocin ba su watse ba, sai dai ƙarfinsu ya ragu. A nan ne nake ganin an zalunci 'yan kwamitin. Su ke koya wa manyansu yadda ake ɗora darasi, su ake bugo wa waya da daddare in shafin jarrabawa ya ƙi buɗewa, duk ƙari a kan nasu azuzuwan da duba takardun ɗalibai. In lokacin ƙarin girma ya zo, muƙalun da mutum ya wallafa ake fara ƙirgawa, hidimar kwamiti maki kaɗan take ci.

Kuɗin tafiyar da abin ma ya ƙaru. A Afrilun 2024 aka kai farashin wuta na rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, jami'o'i da dama suka koka. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin 100 a kan kira da data. Shi ya sa a zaman kwamiti yau, kafin a kai ga maganar koyarwa, sai an gama da ta sola da batir.